Ishaya, Wanda Ya Kai Ofis Ɗakin Takaba

A gabana aka ƙulla cinikin, a ofishin safiyo Gazali, mai awon filaye, da ke Sama Road, wata Litinin cikin bazara, ana zafin nan na Sakkwato mai sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Ni dillalin filaye ne. Bencina yana bakin ƙofar ofishin tun Gazali bai ajiye gemu ba, shi kuma ɗan ƙanwata ne, saboda haka ba a rufe mini ƙofa idan ana magana.

Gazali yana tsaye yana fifita da kwali. Malam Ishaya mai gyaran kwamfuta yana durƙushe yana duba wata waya a ƙarƙashin teburin Saudatu. Ita ce ke buga takardun ofishin, ita ce ke zana taswirar kowane fili bayan an auno shi. Mijinta Abdulshakur ya rasu a makon da ya gabata, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, Khairiyya da Kausar. Ta shiga takaba, ba fita sai ta gama.

Gazali ya ce, "Malam Ishaya, ka share mani kwamfutar ga. Junaid ƙanen matata za shi hau kujerar."

Ishaya ya ɗago kai. "Ita kuma Saudatu fa?"

"Mi kaka so in yi? Mutane sun tsare ni da takardun hilayensu. Wallahi ina jin tausayinta, amma aikin ga ba ya jiran wata huɗu. In na aje Junaid kau, ba ni iya ce mashi tashi."

Ishaya ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Safiyo, in ba za ta iya zuwa ofis ba, ofis ya je wurinta mana. Ka ba ni tsohuwar kwamfutar nan da ke sito, ka ba ni zuwa Juma'a. In ka zo da safe ka tarar da aikinta a teburinka alhali tana ɗakinta, kujera tata ce. In ba ka tarar ba, ni da hannuna zan share wa Junaid."

Gazali jinin fatake ne, bai san ya bar ciniki bai ƙara wani abu ba. Ya ce, "To, na yarda. Amma in abin ya lalace cikin takabar ga, kai ka zuwa ka gyara, ba sai an kira ka ba, kuma ba ladan gyara."

Na ja wa Ishaya hannun riga. Na yi shekaru ina raba ciniki, na san wanda aka danne tun kafin a tashi. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Alhaji Mode, haɗa mana hannu kawai." Na haɗa, na ce Allah shi sa albarka, raina bai so ba.

An yi shekaru da wannan rana. Abin da ya sa na tono ta yanzu shi ne Malam Ishaya zai rufe shago a ƙarshen shekarar nan. Ido ya fara gajiya da ƙananan wayoyi, zai koma Zonkwa inda ya fito yana saurayi. Ba wanda zai shirya masa taro, ba ma'aikacin gwamnati ba ne balle a ba shi allon yabo. To ni ga nawa.

Wanda duk ya san layinmu ya san shagonsa, ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin bene, idan mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya waje. Da hantsi yake isowa a kan tsohon babur, jakar kayan aiki a goye. Kafin ya taɓa kowace kwamfuta sai ya cika butoci ya jera a bakin shago. Kirista ne, ba ya alwala, amma ya ga 'yan layi suna wahalar ruwa lokacin azahar, shi ke nan ya mai da abin aikinsa. Idan aka kawo masa gyara, yakan tambayi abin da ke ciki kafin ya tambayi abin da ya lalace. Wata yarinya ta taɓa kawo masa kwamfuta tana kuka, littafinta na gama jami'a yana ciki, ta ƙi tashi. Ya zaunar da ita, ya aika aka sayo mata fura, ya ce ba ya aiki mai kaya yana kuka a kansa. Kafin la'asar ta tafi da littafinta. Kuma ban taɓa jin sirrin kowa a bakinsa ba. Mutumin da hotunan gidajen mutane da takardun gadonsu suke ratsa hannunsa kullum, ni da nake dillali na sha ɗan latsa shi ko zan ji wa ke shirin sayar da me, sai ya ce, "Alhaji, ni waya nake gani, ba na ganin rubutu."

Mu koma kan ciniki.

Kafin zuwan wannan aiki, takardun ofishin Gazali a warwatse suke. Wasu a kwamfutar Saudatu, wasu a ta Gazali, sauran a cikin filash-filash da aka tara a kwanon silba kamar goro. Wannan ya ɗauka ya soka nan, wancan ya soka can, cuta ta bi ta cinye fayil, sai a ruga a kira Ishaya. Kusan kowane mako sai ya shigo ceto, kuma a nan yake samun na cefane.

Ya fito da tsohuwar kwamfutar daga sito ya buɗe cikinta, ya sa mata faifan ajiya biyu, ya ce duk abin da aka rubuta a ɗaya zai sauka a ɗayan, in guda ya mutu guda na nan. Su suna ce mata saba. Da na tambaye shi mene ne amfaninta, ya ce, "Alhaji, rumbu ce. Maimakon kowa ya ɓoye damin gero a ƙarƙashin gadonsa, a zuba wuri ɗaya, kowa ya ɗiba da mabuɗinsa." Tun daga ranar rumbu nake ce mata. Ya tattara duk fayilolin ya tace su, ya raba su unguwa-unguwa, na Gidan Dahala daban, na Mabera daban, na Arkilla daban. Ya tsara wanda zai iya gyara takarda da wanda sai dai ya duba. Sannan ya buɗe wata hanya ta cikin intanet wadda ba mai bin ta sai wanda aka ba mabuɗi, ya ɗora mabuɗin a kan kwamfutar hannu ta ofis, ya haɗa mata 'yar ƙaramar rauta mai layin waya, wadda za ta ba ta intanet.

Wannan duk aikin hannu ne, ya iya shi. Wuyar tana gidan Saudatu.

Na raka shi ranar Laraba, shi da matarsa Rahila, Maman Favour, tsohuwar malamar firamare. Shi ya ce ta biyo mu, ni ban ma kawo abin a raina ba. Muka yi sallama muka zauna a zaure. Gwaggon mamacin, Inna Maimunat, ita ke tsaron takabar, ta leƙo ta bayan labule. Muka yi mata gaisuwa, na faɗa mata abin da ya kawo mu.

Ta ce, "Namiji ba ya shiga. Kuma ba ta magana da namiji, ko ta waya."

Na buɗe baki zan ce malamai ba su tsananta haka ba, Ishaya ya taɓa mini gwiwa. Ya ce, "Inna, haka ne. Ni nan zan zauna. Matata ce za ta shiga, in kin yarda."

Ta dubi Rahila sama da ƙasa, ta dubi abin da ke hannunta. Rahila ta buɗe kwamfutar don ta nuna mata, fuskar a kashe, baƙa ƙirin tana sheƙi. Inna Maimunat ta ga kanta a ciki ta ja baya.

"La ilaha illallahu! Wanga ai madubi na. Mai takaba ba ta duba madubi, ku ba ku sani ba?"

Na ce a raina shi ke nan, Junaid ya samu aiki. Ishaya bai yi dariya ba, bai kuma yi gardama ba. Ya karɓi kwamfutar ya kunna ta, haske ya kawo, ya juya mata. "Inna, yanzu fa? Kina ganin kanki?"

Ta matso ta ƙura ido. "A'a. Zane-zane nika gani."

"To ke za ki riƙa kunna ta a tsakar gida, ki kai mata da haskenta. In ta gama ta rufe murfin kafin fuskar ta mutu. Ga inda ake dannawa."

Ka ga tsohuwar da ta zo hana abu an damƙa mata ragamarsa. Ta danna da yatsa sau biyu tana gwadawa, ta ce, "To, shigo ɗiyata."

Haka aka yi wunin. Ishaya a zaure, Saudatu a ɗaki, Rahila tana kai da kawowa da magana a bakinta. "Ta ce ta ga akwati mai neman kalmar sirri." "Ce mata ta zaɓi tata, wadda ba za ta manta ba. Ke kuma ki juya baya in za ta rubuta, kada ki gani, kada ki faɗa mini." Rahila ta dawo tana share zufa ta ce, "Baban Favour, ni da na yi ritaya ka mai da ni masinja. Ta ce ya buɗe, ta ga Gidan Dahala." Ishaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun gode Allah." Ni ma na ce alhamdu lillahi. Muka tashi muna ganin an gama.

Washegari da hantsi sai ga Rahila a ofis, fuska ba daɗi. Ta biya ta gidan, Saudatu ta ce ta gwada bayan sallar asuba, ƙofa ta ƙi buɗewa, ta yi ta gwadawa har rana ta fito. Ta ce a faɗa wa Baba Ishaya ta gode, kada ya wahalar da kansa, Allah bai nufa ba.

Ishaya ya shiga ya duba rumbu. Ga ta tana aiki lafiya lau. Ya tsaya yana kallonta, can ya juya wurin Hashim, tsohon masinjan ofishin, ya ce, "Malam Hashim, jiya da za ka rufe, me ka yi?"

Hashim ya ce, "Abin da nika yi kullum. Na kashe babban makunni, na bi soket ɗai-ɗai na zare, sannan na lulluɓe ta da tawul don kada ɓera shi hau."

Ba laifinsa ba ne. Tun shekarar da gobara ta cinye shagon ɗinki a layinmu saboda an bar wuta a kunne, Gazali ya kafa doka cewa ba a kwana da ko ƙwan fitila a ofis. Hashim bai taɓa saɓa ta ba. Shi kuma Ishaya ya ɗauka Saudatu da rana za ta yi aiki, lokacin da ofis ke buɗe. Rahila ce ta warware mana. Ta ce, "Ku maza ba ku san gidan rasuwa ba. Daga hantsi har magariba mata ne cike da ɗaki suna zuwa gaisuwa. Ta ɗauko kwamfuta a gabansu? Kafin yamma an kai labari har unguwar Hubbare cewa miji bai daɗe a ƙasa ba tana danne-danne. Ba ta da lokaci sai bayan asuba, kafin a fara sallama."

Na gaya wa Gazali sai an bar wa rumbu wuta ta kwana a kunne. Ya girgiza kai. "Kawu, ka san ina jin maganarka, amma wuta ba ta kwana cikin ohis ɗin ga. Takardun mutane na ciki. In sunka ƙone mi zan ce masu?"

Gaskiya ya faɗa. Ga dokar gida can, ga dokar ofis nan, kowace da dalilinta, aikin baiwar Allah ya maƙale a tsakani, gobe kuma Juma'a.

Malam Ishaya, a nan ne na san ko kai wane ne. Kai ne ba ka ce wa tsohuwa al'adarta ta tsufa ba, ba ka ce wa Gazali tsoronsa na banza ne ba, ba ka ɗaga wa Hashim murya ba. Ka hau babur ka tafi gida, ka kwance farantin sola daga rufin ɗakinka, ka ciro batir da inbata da ke juya muku fanka, ka ɗauko Keke Napep ka kawo su. Kai ne ka hau rufin ofis da rana tsaka, kwano yana ƙona tafin hannu, da furfurarka, muna ƙasa muna ce maka ka bari sai la'asar. Ka ja wa rumbu wayarta ita kaɗai, ba ruwanta da wutar ofis, ka sa mata abin da zai yanke da kansa in waya ta yi zafi, ka ɗora batir a kan bulo nesa da takardu. Ka kira Gazali ka nuna masa komai har ya gamsu. Sannan ka ce wa Hashim, "Ka ci gaba da kashe makunninka yadda ka saba. Wannan kaɗai za ka bari, kuma ka ɗauke mata tawul, ita ma zafi take ji."

Rahila tana tsaye ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Alhaji ka gani ko? A bazarar Sakkwato ya ɗauke mini fanka ya kai wa kwamfuta. Da na sani da kwamfutar na aura." Muka yi dariya. Ita ce kuma ta koma gidan Saudatu da yamma ta ce mata ta sake gwadawa da asuba.

Ranar Juma'a na riga kowa zuwa benci. Hashim ya buɗe ofis, Gazali ya iso ya zauna ya kunna kwamfutarsa, Ishaya yana tsaye a bakin ƙofa bai shiga ba. Gazali ya buɗe wurin Gidan Dahala. Taswirorin da masu su suka yi ta zarya a kansu suna nan, an zana, an sa iyaka, an buga sunaye, saura sa hannu. Ya buɗe ɗaya, ya buɗe wata. Na ga ya cire tabarau yana goge ido da bakin hula. Abdulshakur abokinsa ne tun suna yara, ni na san abin ya dame shi tun farko, kunya ce ta hana shi nunawa. Ya ɗauki waya ya fita waje, muna jin sa yana cewa, "Junaid, ka yi haƙuri, Allah shi ba ka wadda ta hi ta."

Haka Saudatu ta yi takabarta tana aiki. Kullum bayan asuba Inna Maimunat takan kunna kwamfutar ta kai mata, har ta kai in an makara ita ke cewa a tashi, aikin mutane na jira. Albashi bai yanke ba, 'yan matan ba su bar makaranta ba. Ishaya kuma ya cika alkawarin da aka ɗora masa. Ranar da iska ta karkatar da farantin, kafin a neme shi ya zo. Ranar Lahadi daga coci yakan biyo da kayansa masu kyau, Hashim ya buɗe masa, ya sa kunne ya ji ƙarar rumbu, ya taɓa batir, ya wuce.

Da ta fita takaba ta dawo ofis, shagonsa ta fara tsayawa, ita da 'ya'yanta. Tun rasuwar ba su yi magana baki da baki ba. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana." Ya ce, "Lafiya lau, 'yata. Ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya." Shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya juya ya ce wa Kausar ta zo ta ga cikin kwamfuta, akwai fanka 'yar ƙarama a ciki.

Rumbu tana nan har yau. Yaran Gazali suna daji wajen Kware suna awo, su turo abin da suka auno ya faɗa ciki kafin su karkaɗe takalma. Gazali yana Abuja ya buɗe takardar da ake nema. Da Hashim ya kwanta ciwo, ba mai buɗe masa ofis ranar Lahadi, Ishaya ya zaunar da Saudatu ya koya mata kula da rumbu, yadda ake ƙara sabon ma'aikaci, yadda ake karɓe mabuɗin wanda ya bar aiki, yadda ake duba ko faifan biyu suna tafiya tare. Ya ce ba ya son abin da in ya tafi zai tsaya.

Malam Ishaya, gwanin da ba ya shela, mun gode. Rahila, mun gode da zaryar da kika yi da zufar da kika sha. Samarin da ke koyon wannan sana'a a layinmu, ku je ku zauna da shi kafin ya ɗaure kaya. Haɗa waya kowa zai koya muku. Ku kalli yadda yake tambayar wa zai yi amfani da abu, a wane ɗaki, da wane lokaci, da wa ke tsaye a bakin ƙofa.

Ni dillali ne, ba na tashi daga ciniki sai na faɗi wanda ya ci da wanda aka ci. Saudatu ta ci, ta riƙe kujerarta, yau ita ce babba a ofis bayan mai shi. Gazali ya ci ninki biyu, ya tsira da ma'aikaciyarsa ya kuma samu rumbu. Junaid ya rasa kujera, amma yana da ƙuruciya, ya samu wata a Birnin Kebbi. Wanda aka ci shi ne Ishaya. Batirinsa bai koma gida ba, a ofis ya ƙare kwanansa. Tun da aka daina soke-soken filash cuta ta daina cin fayil, kiran nan na kowane mako ya ɗauke, ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Kwanan baya na faɗa masa haka a gaban Rahila, na ce a duk cinikin da na haɗa hannu ban ga wanda aka danne kamar shi ba. Ya ce, "Alhaji, Khairiyya ta shiga makarantar koyon jinya, ka ji?" Na ce na ji. Ya ce, "To."

Allah Ya kai ku Zonkwa lafiya, Ya ƙara wa idon haske.